Fitilun ɗaki mai taya: ina wutar ta tsaya?

Zancenmu na yau na direbobi ne, da yaran mota, da masu gyaran wutar mota a garaji. Amma kai ma da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba, kada ka aje takardar nan. Wata rana kai ne za ka kasance cikin motar da ke biye a baya.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗaki da ake ɗorawa bisa tayoyi. Cikinsa da gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan firji. Ba shi da inji, mota ce ke jan shi. In lokacin hutu ya zo, sai maigida ya ɗaure shi bayan motarsa, ya ɗebi iyalinsa, su nufi bakin teku ko gindin duwatsu. Inda dare ya yi masu, nan ne masauki. Faransawa na ce da shi karaban, mu ma haka za mu kira shi. Abin ya daɗe. Tun 1885 wani likita a Ingila, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki don yawon shan iska, dawakai ke ja. Nasa ba ya bukatar waya ko ɗaya. Na yau kuwa, in wayarsa ta lalace, rai ne ke cikin haɗari.

Za ka ce, to mu ina ruwanmu? Mu ba mu jan ɗaki zuwa hutu. Gaskiya ne. Amma muna jan tankin ruwa, da injin wuta, da injin kwaɓa siminti, da ƴar tirelar kaya, wadda ake ce ma remok. Wayoyinsu ɗaya ne da na karaban. Kuma da yawa cikin motocin da suka shigo mana daga Turai da Amurka, ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, sun zo da ƙugiyar ja da piriz ɗinta a baya, kowace bisa tsarin ƙasar da ta fito. Wanda ya gane wayoyin karaban, ya gane na kowace ƙaramar tirela.

Karaban dogo ne, kuma da faɗi. In ya hau bayan mota sai ya rufe fitilunta ruf. Direban da ke biye ba ya ganin motar, ɗakin kaɗai yake gani. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Ka taka birki, fitilar birkin ɗakin ba ta kama ba. Kafin na bayanka ya gane cewa ka rage gudu, ya ci mita 25, ko 50. Sauran labarin ba sai na faɗa maka ba.

Wuta na zuwa, wuta na komawa

Abu ɗaya nake so ka riƙe yau, ko da ka manta da sauran. Wutar bateri ba ta fita sai tana da hanyar komawa gida. Takan fito daga kan bateri mai alamar +, ta bi fizibil, ta bi makunni, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, sa'an nan ta koma ga kan bateri mai alamar −. In hanyar zuwa ta yanke, fitila ta mutu. In hanyar komawa ta yanke, fitila ta mutu, ko kuwa ta haukace.

Hanyar komawar nan ita ce makanikai ke kira mas. Cikin mota, ƙarfen jikin motar ne mas ɗin. Ba a ja waya ta biyu ba, ƙarfen ne ke maida wutar. Amma karaban jikinsa daban, na mota daban. Sabili da haka aka sa waya ta musamman cikin igiyar da ta haɗa su, aikinta kaɗai maida wuta gida. Turai da Amurka sun saɓa ga abubuwa da yawa, amma sun yarda ga wannan: wayar mas fara ce.

Mutane sukan raina farar wayar nan. Mai gyara ya ga ba ta kunna komi, sai ya bar ta tana lilo, ko ya ɗaure ta bisa fenti ko tsatsa. Ya gwada fitilu cikin garaji, duka suka kama, ya karɓi kuɗinsa. Me ya sa suka kama? Wutar ta sami ɓarauniyar hanya ne, ta bi ta ƙwallon ƙugiyar da aka rataya tirelar. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Amma ƙwallon nan ana shafa masa giris, ƙura na hawansa, kuma in an kama hanya motsi yake yi. Sai ka ga fitilun na ƙiftawa, su kama su ɗauke, su kama su ɗauke, duk inda taya ta faɗa rami.

Gwajin wannan ba shi da wuya. Ka sauke tirelar daga ƙugiya, ka cire sarƙoƙin, ka ɗan ja mota gaba yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, amma ka bar igiyar wuta a haɗe. Ka kunna fitilu. In sun mutu, ko sun yi dishi-dishi, to ka kama ɓarawo. Farar waya ba ta aiki.

Fitilar da ta haukace

Bari mu ɗan zauna nan, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa, har wani ya ce motar tasa an yi mata jifa.

Ka ɗauki ƙwan fitilar baya, wanda ake ce ma ampul, ka ɗaga shi ga haske. Da yawansu zare biyu ne a ciki. Ɗaya mai wat 21, shi ne mai haske sosai, na birki. Ɗayan mai wat 5, shi ne jan hasken da ke kunne duk dare. Zaruruwan biyu kowane da ƙofar shigarsa, amma ƙofar fitarsu ɗaya ce, wato kwanon ƙarfen gindin ƙwan, wanda ke taɓa mas.

To, a ce mas ɗin fitilar hagu ya yi tsatsa. Ka taka birki. Wuta ta shiga ta babban zare, ta zo fita, ta iske ƙofa a rufe. Ba za ta tsaya ba. Ka san ruwan damina: in ka toshe masa magudana, ta gidan maƙwabci zai bi. Haka wutar za ta juya ta bi ƙaramin zare ta baya, ta hau wayar fitilun dare, ta ƙetare zuwa fitilar dama, ta fita ta mas ɗin can. Sai ka ga ka taka birki amma fitilun dare ne ke ɗan haske, har da ƙananan fitilun gefe. Ka sa fitilar kwana ta hagu, wadda direbobinmu ke ce ma kilinyotan, ƙetaren iyaka kuma su ce sigina, sai ta dama ma ta riƙa ɗan ƙiftawa kamar mai jin barci.

Abin da ya fi wannan muni da dare yake faruwa. Fitilun dare na kunne, ka taka birki. Yanzu wuta na turowa ta ƙofa biyu da ƙarfi ɗaya, bolt 12 nan, bolt 12 can. Ruwa ba ya gudu tsakanin tafki biyu da suka yi daidai. Sai fitilar ta mutu ɗungum, a daidai lokacin da ya kamata ta fi haske. Da rana ka gwada, ka ga kamar tana aiki. Da dare ta ci amanarka. Shi ya sa ba a gwada fitilun tirela ɗaya bayan ɗaya kaɗai. A kunna na dare, a bar su kunne, sa'an nan a taka birki, sa'an nan a sa na kwana.

Duk sa'ad da ka ga fitilar da ba ka kira ba ta amsa, fara da mas. Ka sami doguwar waya, ka maƙala bakinta ɗaya ga kan − na baterin mota, ɗaya bakin ka taɓa shi ga kwanon fitilar da ke hauka. In ta dawo hankalinta nan take, magana ta ƙare. Ka kwance ƙusar mas, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam, ka shafa giris a sama. Ka lura, yawancin karaban na Turai jikinsu katako ne da roba da sanholo, ba a dogara da ƙarfen shasi, farar wayar ce ke zuwa har cikin kowace fitila. Can sai ka bi wayar.

Akwai kuma haukan da ƙwan kansa ke kawowa. Wani lokaci zare ɗaya kan tsinke ya kwanta bisa ɗan uwansa. Wani lokaci kuma mai gaggawa ne ya cusa ƙwai mai zare ɗaya cikin gidan mai zare biyu, gindinsa ya haɗe ƙofofin biyu. Alamar: kana taka birki sai fitilun agogon gaban direba su kama. Ƙwai mai zare biyu ƴan kunnuwansa ba daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, don kada ya shiga a juye. In ya ƙi shiga, kada ka tilasta masa, juya shi. Wanda aka danna da ƙarfi a juye, hasken dare ne zai yi yawa, na birki ya zama ba a ganinsa. Kuma ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa tun kana gaban mai shago. Na ƙaramar mota 12V ne. Na babbar kamiyo 24V ne. Kamarsu ɗaya a ido, amma in ka sa na 24 cikin na 12, hasken da zai ba ka bai kai na aci-bal-bal ba.

Gida biyu, al'ada biyu

Yanzu sai batun piriz. A nan Turai da Amurka suka rabu.

A Turai, birki da wayarsa, kwanar hagu da wayarta, kwanar dama da wayarta. Fitilar kwana ruwan ɗorawa ce, ta birki ja. Tsohuwar piriz tasu zagayayya ce mai haƙora 7, kowane da lambarsa a rubuce. Lamba 1 kwanar hagu, wayarta ruwan ɗorawa. Lamba 2 fitilar hazo, shuɗiya. Lamba 3 ita ce mas, fara. Lamba 4 kwanar dama, tsanwa. Lamba 5 fitilar dare ta dama, ruwan ƙasa. Lamba 6 birki, ja. Lamba 7 fitilar dare ta hagu, baƙa. Sabuwar piriz mai haƙora 13 ta bar bakwai ɗin nan yadda suke, ta ƙara na fitilar ja da baya, da na cajin baterin ɗakin, da na firji, da mas nasu daban. Ka bi lambar da ke jiki. Kada ka ƙirga da ido, domin abin da ke hagu in ka dubi piriz ta gaba, shi ke dama in ka dube ta ta baya wajen ƙusoshi. Da yawa sun haɗa kwanar hagu ga dama ta wannan hanya.

A Amurka kuwa tirela ba ta da wayar fitilar birki ta daban. Zare ɗaya ne ke aikin birki da kwana. Ƙaramar piriz tasu shimfiɗaɗɗiya ce mai waya 4: fara mas, ruwan ƙasa fitilun dare, ruwan ɗorawa hagu, tsanwa dama. In ka taka birki, wuta ta shiga hagu da dama gaba ɗaya, ta tsaya. In ka sa kwana, gefe ɗaya ya riƙa ƙiftawa. In ka yi duka biyu, gefen kwana na ƙiftawa, ɗayan na tsaye.

Wannan tsari na Amurka yana da wani amfani ga mai neman laifi. Tun da waya ɗaya ce, zare ɗaya ne, in kwanar hagu ta tirela na aiki sosai amma birkin hagu ba ya kamawa, to laifin ba na tirelar ba ne. Kada ka ɓata lokacinka kana kwance fitilunta. Koma ga mota.

Manyan karaban na Amurka piriz mai haƙora 7 gare su, amma ba irin ta Turai ba ce, haƙoranta faffaɗa ne, ba ta shiga cikin waccan. Kuma a nan launi na yaudara. Masu ƙera ɗakunan suna da nasu tsari: wajensu tsanwa ce ta fitilun dare, ja ta hagu, ruwan ƙasa ta dama. Ka ga ke nan ruwan ƙasa da tsanwa sun yi musanyar aiki. Wanda ya haɗa launi da launi ido rufe, zai kunna fitilun dare ya ga dama kaɗai ta kama. Balle tsohuwar tirela da ta bi hannun masu gyara biyar, kowa ya sa wayar da ya samu. Launi shaida ne, amma ba a yanke hukunci da bakinsa shi kaɗai. Sai an gwada.

To in motar ta gida ɗaya ce, tirelar ta ɗaya gidan fa? Wannan shi ne ya fi samunmu, mu da kayanmu ke zuwa daga ko'ina. Ka tsaya bayan motarka ka duba. In fitilar kwana daban take, mai ruwan ɗorawa, wayoyinta a rabe suke. In jar fitilar birkin ce ke ƙiftawa, a haɗe suke. Mota mai rabe da tirela mai haɗe ba su zama tare sai da ɗan akwatin da ke haɗa saƙon birki da na kwana. Mota mai haɗe da tirela mai rabe kuma sai da akwatin da ke raba su. Mai gyaran da bai san haka ba, sai ya murɗe wayar birki tare da na kwana biyu. Daga ranar, in an sa kwanar hagu duk fitilu su riƙa ƙiftawa, in an taka birki har na kwanar gaban mota su kama. Wannan ba gyara ba ne. Akwatin nan ma yakan mutu, sau da yawa gefe ɗaya. Sai ka gwada wuta kafin ta shige shi da bayan ta fito.

Daga ina za a fara?

Ba da almakashi ba. Na ga masu gyara da yawa, ana kawo masu tirela sai su fara yanke-yanke, a ƙarshe a sayi sabuwar igiya, alhali tsatsa ce kan haƙori ɗaya.

Kayan aikinka fitilar gwaji ce. Ba sai ka saya ba. Ƙwai mai wat 21, da waya biyu da ka liƙa masa, shi ke nan. Ka cire igiyar tirela. Ka fara duba fitilun motar kanta, domin in birkin motar ba ya kamawa, ƙila makunnin da ke bayan fedar birki ne. In na mota lafiya suke, ka durƙusa gaban piriz. Waya ɗaya ta fitilar gwaji ga haƙorin mas, ɗaya ga haƙorin da kake tuhuma. Yaronka na cikin mota yana taka birki, yana sa kwana, kai kana kallo. Ka lura na ce haƙorin mas, ban ce ƙarfen mota ba. In ka taɓa ƙarfen mota fitilar ta kama, ka taɓa haƙorin mas ta ƙi, ka san farar wayar ta yanke tun daga wajen mota.

Wannan gwaji ya raba gardama. In kowane haƙori ya amsa, mota ta fita daga zargi. In wani ya yi shiru, tirela ta fita. Manyan motocin ja na Amurka da yawa suna da fizibil na tirela daban da na fitilun motar, cikin akwatin da ke kusa da inji, har hagu da nasa, dama da nasa. Motar na iya zama lafiya lau, piriz ɗinta ba wuta.

In laifin na tirela ne, ka bi wutar kamar mai bin sawun raƙumi, daga gaba zuwa baya. Buɗe kan igiyar. Nan ne rabin ciwon yake. Ƙusoshin cikinsa sukan kwance da girgizar hanya, haƙora su yi tsanwar tsatsa, yashi ya cika ramuka. Ka kankare, ka busa, ka ɗaure. Haƙoran piriz ta Turai mai 7 a tsage suke a tsakiya. In sun matse ba su kamawa, ka sa bakin wuƙa cikin tsagar ka ɗan buɗa su, a hankali, kada su karye. Daga nan ka bi igiyar da hannu, kana lanƙwasa ta. Waya takan tsinke a ciki, robar na nan lafiya a waje. Ka duba inda ta ratsa ramin ƙarfe, da inda take gogar ƙasa, da inda ƙugiya ke matse ta in an sha kwana.

Fizibil da ke ƙonewa ba abokin gaba ba ne, mai gadi ne. In ya ƙone da ka haɗa tirela, wata waya ta saɓule ta taɓa ƙarfe. Na san abin da akan yi a bakin hanya, a naɗa masa waya ko takardar azurfar kwalin taba. Ka tuna cikin ɗakin nan akwai katifa da tukunyar gas. In fizibil bai ƙone ba, waya ce za ta ƙone a madadinsa. Ga dabarar da ta fi: ka cire fizibil ɗin, ka sa wayoyin fitilar gwajinka biyu a wurinsa. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, fitilar za ta yi haske tar. Sai ka bi igiya kana girgizawa, wani na kallon fitilar. Inda ka taɓa hasken ya ragu, nan ciwon yake. In ka gyara, ka sa fizibil mai lambar da aka rubuta, ba wanda ya fi shi ba.

Fitilar kwana ya kamata ta ƙifta tsakanin sau 60 da 120 a minti. In ta fara sauri kamar zuciyar ɓarawo, ko ƙwai ɗaya ya mutu, ko kuwa tsohuwar mota ce da abin ƙiftawarta bai iya ɗaukar ƙarin ƙwan tirela ba. A canja shi da mai ƙarfi.

Birkin ɗakin kansa

Har yanzu fitilar birki muke zance. Amma ɗakin na da nasa birki a tayoyinsa, kuma nan ma gida biyu ne.

A Turai tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba ba a tilasta mata birki. Daga nan har kilo 3500, yawanci birkin turi ake sa mata. In mota ta rage gudu, ɗakin ya turo ta daga baya, wani hannu cikin wuyan ƙugiyar ya shige, ya ja sandar ƙarfe, birki ya kama. Babu wuta a ciki ko kaɗan. In birkin irin wannan ba ya ci, kada ka nemi laifi cikin piriz.

Na Amurka da wuta yake aiki. Cikin kowace taya akwai maganaɗisu. In wuta ta shige shi sai ya manne ga gangar birkin da ke juyawa, ta ja shi, shi kuma ya buɗa takalman birki. Wutar na zuwa ta shuɗiyar waya, daga wani ɗan akwati kusa da gwiwar direba, wanda ke auna yawan wutar da za a aika: birki kaɗan wuta kaɗan, birki da ƙarfi wuta da yawa. Kowane maganaɗisu na shan wajen amper 3. Taya huɗu, amper 12 ke nan. Duk wannan wuta ta ina za ta koma? Ta farar wayar nan dai. In siririya ce, ko ta yi tsatsa, ba fitila kaɗai za ta yi rauni ba, birkin ma ba zai ci ba. Ɗaki mai nauyin tan biyu ya riƙa tura mota a gangare.

Akwatin yana da ɗan hannu da ake matsawa don kama birkin tirela shi kaɗai. Ka ɗaga taya da jak, ka juya ta, yaronka ya matsa hannun. Ya kamata ta tsaya cak, kuma in ka kasa kunne za ka ji ƙugi. Ka gwada kowace taya, ba ɗaya kaɗai ba. Wayoyin maganaɗisu a fili suke bayan taya, dutse da kara na tsinka su. In gefe ɗaya na ci ɗaya ba ya ci, ɗakin zai fizgi motar gefe duk sa'ad da aka taka birki. Kuma kada wani ya ce zai sauƙaƙa maka, ya haɗa shuɗiyar waya kai tsaye da wayar fitilar birki. Kana ɗora ƙafa bisa feda tayoyin za su ƙulle, su ja ƙasa.

A wuyan ɗakin akwai ƙaramin makunni da siririyar igiyar ƙarfe da ake ɗaurawa ga mota. In ɗakin ya tsinke, igiyar ta zare ƙusar makunnin, baterin ɗakin ya kama birki. Baterin da ya mutu ba ya kama komi. In za ka gwada shi, ka cire piriz daga mota tukuna, ka zare ƙusar, ka duba, ka maida ta nan da nan. Ba birkin ajiye tirela ba ne, in ka bar shi zai shanye baterin, maganaɗisu su yi zafi.

Motocin yanzu

Kalma ɗaya game da sababbin motoci. Fitilunsu kwamfuta ce ke kunna su, tana kuma auna wutar da kowace ke sha. In ka fere wayar fitilar baya ka ɗora mata nauyin tirela, kwamfutar na iya yanke wutar, ko ita kanta ta ƙone, kuma kuɗinta ya fi na igiya ɗari. Irin waɗannan sai da akwatin tirela mai ɗaukar wutarsa daga bateri, yana sauraren saƙo kaɗai daga wayoyin fitila. Gwajinka ya tsaya ga piriz, kada ka riƙa soka wayoyin cikin mota. Fitilun LED kuma wuta kaɗan suke sha, har wata mota ba ta sanin an haɗa mata tirela, ko ta ɗauka ƙwai ya mutu. Kuma su ba kamar tsohon ƙwai ba ne, in an juya masu + da − yawanci ba su kamawa. Kafin ka ce sabuwar fitila ta mutu, juya wayoyinta.

In ka zo haɗa waya, kada ka murɗe ka naɗe da salatif ka tafi. Zafin watan Afrilu na narkar da danƙonsa, girgizar hanyar ƙasa ta ƙarasa sauran. A yi dalma, ko a matse da abin matsewa, a rufe da roba. Igiyar a bar mata sassauci yadda za a sha kwana ba ta tsinke ba, amma kada ta kai ƙasa. In an cire tirela, a rufe murfin piriz, kan igiyar kuma a rataye shi yana kallon ƙasa don kada ruwa ya taru ciki.

Ran tafiya, in ba ka da mai duba maka, ka sami sanda ka tokare fedar birki da kujera, ka zagaya baya da kanka. Fitilun dare a kunne, kamar yadda muka ce. Bayan ka ci kilomita goma ko ashirin na farko, ka tsaya ka sake dubawa, domin abin da girgiza za ta kwance a nan take kwance shi. Ka goge jajayen madubin nan biyu masu kusurwa uku da ke bayan tirela, su ne ke nuna ka in wuta ta ɗauke gaba ɗaya. In kuwa ta ɗauke da dare, ka nema ka rasa, ka sauka daga kwalta sosai, ka aje alamar haɗari can baya, ka jira gari ya waye.